Motar Da Hamidu Ya Haɗa Wa Ɗan Farinsa

A Illela, in ka ji zagi na tashi da sanyin safiya ta wajen tashar albasa, kada ka ruga rabon faɗa. Hamidu Mai Fijo ne ya buɗe gareji. Garejin ma suna ne kawai. Inuwar dogon yaro ce da wata rumfar kwano da ta karkace, sai ƙasa da baƙin mai ya dafe har ta koma kamar kwalta. A nan Hamidu ya tsufa da kansa cikin bonet, yana gyara wa mutane motoci yana wanke su tas da zagi, su kuma suna dawowa.

Ɗan Araba ne, wani ƙauye kusa da Illela. Mahaifinsa, Malam Jabir, falke ne mai jakuna, yana kai gero Ƙwanni ta Nijar ya dawo da kanwa da gishiri. Mahaifiyarsa Bafulatana ce, a wajenta ya sha kunyar da za ta cuce shi daga baya. Yana saurayi ya tsallaka Ƙwanni ya koyi kanikanci, zamanin da Fijo ke mulkin hanya daga Sakkwato har Tawa. Kowane bakanike da inda hannunsa ya faɗa. Na Hamidu a kafireta ya faɗa, wato 'yar tukunyar ƙarfen nan da ke gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Da kunne yake aiki. Mota na shigowa zai ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kai ya saurara, sannan ya juyo kan direba.

"Kai, jakki kake kora ko mota? Wa yat taɓa kafiretar ga? Ɗan banza, ka bari wani mahaukaci ya sa mata sukundireba!"

Direbobi sun saba. In ma ya karɓi motarka shiru, hankalinka ne zai tashi, don ka san bai ɗauke ta a bakin komai ba, kai ma haka.

Mutum ɗaya ne a faɗin garin bai taɓa shan wannan zagi ba, shi ne Jabir, ɗansa. Jabir ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Hamidu aka raɗa masa, sai kunyar ta zama hawa biyu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi. Mai sunan uba kuwa, in ka zage shi ai tsohonka ka zaga a kabari. Wasu iyayen sama-sama suke riƙe da wannan al'ada, in ta kama su ture ta gefe su yi wa ɗansu magana. Hamidu da haƙora ya riƙe ta. Ga shi kuma bai iya jera magana babu ashar a tsakani ba, to da aka hana shi zagi sai aka hana shi maganar gaba ɗaya. "Yaron nan" yake ce masa, shi ma a bayan idonsa. Tun da aka yaye Jabir, Umma ƙanwar Hamidu ta ɗauke shi riƙo, ita ce kuma ta zama 'yar aike a tsakaninsu: Hamidu ya faɗa wa Umma, Umma ta kai wa Jabir. Dattawa na yabon wannan a zaure, wai mutumin kirki, mai alkunya. Mai alkunya! Yaro ya girma har ya yi gemu bai san muryar ubansa ba sai in da wani ake yi.

Jabir bai koyi kanikanci ba. Ta ina zai koya, a wajen wanda ba zai iya ce masa miƙo sufana ba? Kabu-kabu ya kama, yana ɗaure jarkokin fetur a babur ya tsallaka da su Ƙwanni, kamar rabin samarin Illela. Da wannan ya yi aure, ya samu ɗiya. Sai shekarar nan ta zo da aka janye tallafin mai, aka kuma rufe boda a kan mutane ba tare da an tambaye su da me za su ci ba, sana'ar ta mutu a tsaye. Samari suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, sun tafi haƙar zinariya can cikin saharar Nijar, wajen Jado. Wasu kan aiko da hoto. Wasu ko labarin gawarsu ba a samu.

Wata rana Umma ta zo gareji, ta tsaya nesa da baƙin mai tana tattare lulluɓinta.

"Yaya, yaron ga ya ce Jado za shi. Ya ce zaman banza ya ishe shi."

Hamidu bai ɗago ba. Ya zagi wani noti da ya ƙi kwancewa, ya zagi wanda ya ɗaure shi, ya haɗa gwamnatocin ƙasashen biyu ya zage. Da ya gama ya ce, "Ce mishi ya dakata."

"Ya dakata ya ci mi?"

"Ce mishi ya dakata, na ce!"

Tsoro ne ya kama shi, tsoron kada sahara ta cinye masa ɗa. Abin da yake so ya ce bai wuce "kada ka tafi" ba. Wannan kuwa ba za ta fita daga bakinsa ba, sai ya ɗauki sufana.

A bayan rumfa akwai gawar wata Fijo 504 akori-kura da wani Alhaji ya bar masa tun shekarun baya, kaji har ƙwai suke saka wa a kujerarta. Hamidu ya yi tunani: albasa ba ruwanta da rufe boda. Manoman Araba da Kalmalo kullum kukan mota suke yi, don motocin zamani ba sa iya yashin hanyoyinsu da kaya. In yaron nan ya samu motar da za ta shiga yashi da lodi ta fito, ya samu abin da zai zaunar da shi a gida.

Ya sayar da ragon da yake kiwo da injin waldarsa. Ya sauke injin motar ya kai Sakkwato aka faɗaɗa masa silinda, ya sa manyan fistin, aka aske kan injin. To inji ya ƙara ciki, dole ya ƙara ci. Tsohuwar kafiretar mai baki ɗaya ba za ta iya ciyar da shi ba. Ana taka totur sai ya yi kamar an shaƙe shi. Masu kayan gyara na Illela suka yi ta tura masa sababbi fil a kwali, sai sheƙi suke yi. Ya ɗauki ɗaya ya ji nauyinta a tafi, ya girgiza ta a kunne, ya wurga ta kan kanta.

"Wagga gwangwanin madara ta, ba kafireta ba. Kai ma tsohonka ya sha kunu ciki."

Boda a rufe take, amma wa ya taɓa rufe wa ɗan Illela hanyar Ƙwanni? Ya bi ta gonaki a babur, ya sauka inda ake yanka matattun motoci. Wuni ya yi yana tonon ƙarafa cikin rana, har ya zaro wata tsohuwa mai baki biyu daga gawar wata 505, baƙa ƙirin, gizo-gizo ya yi saƙa a maƙoshinta. Ya kama sandar totur ɗinta ya jijjiga, ba ta lilo, wato ba za ta saci iska ta gefe ba. Ya sa baki ya hura, ya ji inda iskar ta bi. Ita yake nema. Bakinta na farko shi ke aiki a kan kwalta, yana shan mai kaɗan-kaɗan. Na biyu ba ya buɗewa sai an danne totur, lokacin da mota ta nutse a yashi tana neman ƙarfi. Ya naɗe ta a tsumma ya rungumo ta har gida kamar jinjiri.

Gindinta bai dace da mazaunin tsohuwar ba, sai da ya yanka farantin ƙarfe ya yi ta gurza da magagari har suka zauna. Ya wanke ta da fetur lungu-lungu. Sai aikin jet. Jet ɗan noti ne na tagulla mai huda a tsakiya, bai fi ƙwayar wake ba, amma ta wannan huda duk man da inji zai sha yake bi. Hamidu na da gwangwani cike da su, kowanne da faɗin hudarsa. Ya sa ɗaya, ya tayar da mota, ya bari ta yi zafi, ya zaga da ita hanyar Araba da buhunan ƙasa a baya, ya dawo ya kwance fulogi ya duba bakinsa. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari kamar toka, mai ya yi kaɗan, injin na ƙonewa ta ciki. Launin soyayyar gyaɗa yake nema. Ya canza jet, ya sake zagawa, ya zagi jet ɗin, ya zagi fetur ɗin 'yan bumburutu, ya sake canzawa. Ranar da fulogi ya fito yadda yake so, ya koma kan sukurun silo, wanda ke riƙe numfashin inji in mota na tsaye, yana murza shi a hankali, kunnensa dab da ƙarfe, har ƙarar ta zauna daram, ba rawa ba tari. Masu shayin tasha sun rantse ranar sun ga haƙoran Hamidu.

Miƙa makulli hannu da hannu ya fi ƙarfinsa. Umma ya kira ya ba ta.

"Ce mishi mota tai ta. Ce mishi injin ga ba irin na kowa na ba, ya hi su ci, haka niy yi shi. Kowa yat taɓa jet ya kashe ta. Kin ji? Jet. Kada ya bari wani ɗan iska ya taɓa."

Umma ƙuli-ƙuli take sayarwa. Jet da taya duk ƙarfe ne a wajenta. Kafin ta isa gida saƙon ya narke ya koma, "Babanka ya ce ga mota, ka riƙe ta amana, Allah ya sa albarka."

Albarka kuwa ta shiga. Motar ta riƙa faɗawa yashin Araba da lodi har sama tana fitowa tana huci, manoma suka riƙa rububinta. Maganar Jado ta kwanta. Duk safiya Jabir kan bi ta gaban gareji, ya rage gudu, ya ɗan taɓa hon. Hamidu kan yi kamar bai gani ba, amma kunnensa na bin motar har ta sha kwana, kuma a wannan ɗan lokacin babu wanda ya kai shi farin ciki a Illela.

Sai dai fetur bai daina hawa ba. Motar na ci yadda aka gina ta ta ci, abokan Jabir a tasha suka sa shi gaba da tsiya, wai tanki yake yi wa bauta. A lokacin wata dabara ta cika gari, matse jet suke ce mata. Wani Sufyanu mai gyaran babura a bakin kasuwa shi ya yi suna da ita: ya zare silin waya ɗaya daga igiyar lantarki ya zura a hudar jet, huda ta ƙanƙance, shan mai ya ragu. A babur mai ɗaukar mutum ɗaya abin kan daɗe yana lallaɓawa. Jabir ya kai masa motar. Sufyanu ya zura waya, ya hango baki na biyu, ya ce wannan ai ɓarna ce, ya ɗaure shi tam shi ma. Ba wanda ya taɓa zaunar da Jabir ya gaya masa dalilin da ba a yi wa wannan injin haka.

Washegari motar ta zo wucewa ta gaban gareji. Hamidu na tsugune a kan wani janareta, sai ya daskare. Motar ta yi atishawa ta kafireta, da aka taka ta kuma ya ji wata siririyar ƙara a ƙarƙashi, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ya miƙe zumbur. Motar na tafe a hankali, gilashi a sauke, ɗansa na kusa da shi yadda ko gyaran murya ya yi zai ji. "Tsaya" kawai ta isa. Ya buɗe baki, abin da ya taso masa duk ashar ne, kuma a kan sunan mahaifinsa zai sauka. Ya rufe bakin. Motar ta sha kwana.

Sai ya ɗauki sufana ya nufi bakin kasuwa. Abin da ya yi wa Sufyanu ranar har yau ana ba da labarinsa. Daga kakanni ya faro ya gangaro, mutane suka bar ciniki suka zo kallo.

"Mi ya kai hannunka ga motar ga, kai ɓarawon waya? Da yunwa za ka kashe injin mutane?"

Sufyanu ya jira har Hamidu ya numfasa, ya ce, "Baba, mai mota ya kawo ta da kai nai. In magana ta, ga ɗanka can tasha, ka yi da shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Hamidu ya wuce gidan Umma yana huci, ya ce a ce wa yaron nan ya kawo mota gareji yau ɗin nan. Saƙon ya isa, amma labarin bakin kasuwa ya riga shi. Ga yadda Jabir ya ɗauki abin: ubansa ya tara masa jama'a, ya nuna wa duniya ya yi wauta, amma bai ga yana da darajar da za a dube shi a faɗa masa ba. Game da injin kuwa, Hamidu ai kowa ya taɓa kafireta sai ya ce ya kashe mota. Wa zai gane wannan karon da gaske ne? Ga shan mai ya ragu, ido na gani. Kunya da haushi suka haɗu wa Jabir, ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce kakar albasa ce, kaya sun yi yawa. Ya daina bi ta gaban gareji, ya koma zagayawa ta bayan makaranta.

Hamidu ya san gidan, ya san inda motar ke kwana, tafiyar ba ta kai a sha kofin shayi ba. Amma uba ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar ɗan fari? Ya zauna yana jira a kawo masa, yana sauke haushinsa a kan masu janareta da ba su ji ba ba su gani ba. Manyan maza biyu masu hankali suka zuba wa inji ido yana cin kansa. Abin takaici ne, kuma babu wanda ya isa ya ce ƙaddara ce.

Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, motar ta taso daga Araba da lodin albasa. A babban yashin hanya ta nutse. Jabir ya danne totur, baki na biyu a ɗaure, na farko a matse. Injin ya yi ta kururuwa yana ƙara zafi, sai wata ƙara guda, hayaƙi ya turnuƙe. Da amalanken shanu aka kwashe albasar mutane, da igiya aka jawo motar zuwa ƙarƙashin dogon yaro.

Hamidu ya kwance fulogi, fari fat, bakinsa ya narke. Ya ɗage kan inji, ga fistin ya huje, silinda ta karce har ciki. An riga an faɗaɗa ta iyakar faɗaɗawa, babu sauran abin da za a sake ci a jikinta. Ya kwance jet ya zaro wayar, siririya kamar gashi, ya ɗora a tafin hannu. Jabir na durƙushe a gefe, kai a ƙasa, yana jira. Direbobi sun taru, su ma jira suke yi. Kowa ya san zagin da Jabir ya cancanta, kuma wallahi da ya samu da ya ji sanyi a ransa. Hamidu ya dubi wayar, ya dubi taya, ya shige rumfa.

A gidan Umma ne Jabir ya fashe.

"Gwaggo, mi niy yi mishi? Sufyanu ya samu zagi. Mai janareta na samu. Jakkin da ya gitta gaban gareji na samu. Ni na kashe mishi inji, ko tsaki ban samu ba. Ni ba mutum na ba?"

Ita ma sunan ubanta ne, ba ta iya faɗa. Ta ce, "Kunya ta, Babana, ba ƙiyayya ba."

"To ya zauna da kunya tai. Ni Jado za ni."

Ranar tafiyar, da hantsi, ya zo gareji da jakarsa a kafaɗa, ɗan kabu-kabun da zai tsallaka da shi Ƙwanni na jira a bakin titi. Umma ta biyo shi. Ya durƙusa a kan baƙar ƙasar nan da fararen kayansa.

"Baba, na zaka sallama."

Hamidu na tsaye da kansa cikin bonet ɗin da babu inji a ciki. Ya ce, "Umma, ce mishi..."

"Ba ni cewa." Umma ta katse shi. "Na gaji, Yaya. Tun yana goye nike ɗaukar maganarka tana zube min ga hanya. Ga shi nan gabanka. In kana son ya zauna, hwaɗa mishi da bakinka." Ta ja lulluɓi ta koma gefe ta ba su baya.

Hamidu ya san inda wani injin yake a Ƙwanni, ya san zai iya sake haɗa shi kafin wata kakar, ya san wannan karon sai ya nuna wa yaron hudar jet da yatsansa. Duk suna nan a ƙirjinsa. Ya ɗauki kafiretar daga kan benci yana jujjuya ta. Da ya yi magana, kafiretar yake kallo.

"Wagga lahiya lau take. Ba abin da ya same ta."

Jabir ya ƙara jira. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya ce Allah ya sada su da alheri, ya je ya hau bayan babur.

Mai babur ya buga, babur ya yi atishawa, ya ja da wannan siririyar ƙarar. Sai muryar Hamidu ta tsage tasha.

"Kai! Kai ɗan banza, tsaya!"

Babur ya ci birki. Jabir ya juyo da sauri, ƙafarsa ɗaya har ta sauka ƙasa, fuskarsa a buɗe, yana kallon ubansa ido cikin ido. Hamidu ya riƙe kallon na ɗan lokaci, leɓensa na motsi. Sai idonsa ya zame.

"Da kai nike, mai babur. Jet ɗinka matse yake."

Jabir ya mayar da ƙafarsa, ya gyara jakarsa, ya dafa kafaɗar mai babur ya ce su tafi.